Yadda ake mayar da imel da saƙonnin waya su zama jerin ayyuka da taimakon ƙirƙirarriyar basira

Duk wanda ke riƙe da harkar wani a garin Sakkwato, ko akawun shago ne a Babbar Kasuwa, ko sakataren Islamiyya a Mabera, ko yaron Alhaji mai lodin albasa zuwa kudu, ya san yadda aiki ke shigowa. Wani ya zo ta imel, wani ta WhatsApp a tsakiyar gaisuwa da jajen zafi, wani a saƙon murya na minti huɗu, wani kuma hoton takarda ne da aka ɗauka a karkace. Kafin azahar saƙo ya hau kan saƙo, abin da aka ce a yi yau ya nutse can ƙasa.

Ina riƙe da wasiƙu da lissafin wani ɗan kasuwa mai harkar albasa da hatsi, kuma na daɗe ina amfani da mataimakin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da kake rubuta wa magana ta karanta ta ba ka amsa, wajen tsamo ayyuka daga cikin tarin saƙonni. Hanyar da zan nuna maka ba ta buƙatar biyan kuɗin wata manhaja, kuma wayar da ke hannunka ta isa.

Abu ɗaya ya kamata ka sani game da mataimakin kafin mu fara. Kamar sabon yaron shago yake, mai kaifin kai da saurin karatu, amma bai san kowa a garin ba, bai san wane ne maigida ba, bai san ranar da aka rubuta saƙo ba sai an gaya masa. Inda ya tarar da giɓi kuma ba ya yin shiru, sai ya cike shi da abin da ya ga ya yi kama da daidai. Dukan matakan da ke ƙasa an tsara su ne don a toshe wannan giɓin.

Kayan aiki

Waya mai intanet, Android ko iPhone. In kana da kwamfuta aikin imel ya fi sauƙi a kanta, amma ba dole ba ne.

Manhajar mataimaki guda ɗaya. Sanannun su ne ChatGPT na kamfanin OpenAI, Claude na Anthropic, Gemini na Google, da Copilot na Microsoft. Kowanne yana da tsarin kyauta, sai dai akan taƙaita yawan abin da za ka aika a cikin wasu sa'o'i. Wajen saukewa ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin manhajar, domin akwai na bogi masu kwaikwayon suna da tambari, kuma su ne suka fi saurin neman kuɗi.

Wurin da ayyukan za su zauna. In imel ɗinka Gmail ne, Google Tasks ya fi dacewa. In Outlook ne, Microsoft To Do. In ba ka son ko ɗaya, littafi mai kauri da biro sun wadatar, kuma ba sa mutuwa in an ɗauke wuta.

Manhajar rubutu ta Gboard, a saka mata Hausa. Da ita za ka samu ɓ, ɗ da ƙ, kuma tun watan Oktoba na 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da za ka yi magana wayar ta rubuta. Wannan zai yi mana amfani wajen saƙon murya.

Data kaɗan da caji. Rubutu ba ya cin data sosai, hotuna ne ke ci. A watannin Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada ka yi aikin wayar na jone da caji a cikin mota ko a bakin taga, za ta ɗau zafi ta riƙa tsayawa.

Na ƙarshe, izinin mai harkar. In saƙonnin na maigidanka ne ko na ofis, ka gaya masa abin da kake shirin yi da su tun kafin ka fara.

1. Tsayar da lokaci, ka daina tsinta ɗaya ɗaya

Ka ware lokaci biyu a rana: da safe kafin a buɗe harka, da kuma bayan la'asar. Tsakanin waɗannan lokutan, duk saƙon da ya shigo ka ga akwai aiki a cikinsa, alama kawai za ka sa masa. A WhatsApp ka danne saƙon ka taɓa tauraro. A Gmail ma akwai tauraro a gefen kowane imel, a Outlook kuma tuta. Wanda ba zai iya jira ba, kamar direba ya kira mota ta lalace a hanyar Illela, wannan a yi shi nan take, ba ruwansa da jeri.

2. Kwaso saƙonnin tare da ranakunsu

Nan ne mafi yawan masu farawa ke ɓata aikin tun bai je ga mataimakin ba, don haka zan tsaya a kai.

A WhatsApp na Android, in ka danne saƙo ɗaya ka kwafa, rubutun kaɗai za ka samu. In ka zaɓi biyu ko fiye ka kwafa su tare, kowanne zai zo da rana da lokaci da sunan wanda ya turo a gabansa. Saboda haka kullum ka zaɓi fiye da ɗaya, ko da na biyun gaisuwa ce kawai. Kada ka bi ta hanyar tura saƙonnin zuwa lambarka don ka tara su wuri ɗaya. Saƙon da aka tura yana rasa sunan mai shi da ranarsa ta asali, sai ya fito kamar kai ka rubuta shi yanzu.

In hira ce mai tsawo, kamar zauren ma'aikata da aka kwana biyu ana magana, fitar da ita gaba ɗaya ya fi. Ka buɗe hirar, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, sai More, sai Export chat, sai ka zaɓi Without media. A iPhone sunan hirar ake taɓawa a gangara ƙasa. Za ka samu fayil na rubutu zalla. Kada ka miƙa wa mataimakin fayil ɗin dukansa, don yana iya ɗauke da hirar shekaru. Ka buɗe shi ka gangara ƙarshe, ka kwafi na kwanakin da kake buƙata kawai.

A imel ka kwafi abubuwa huɗu: wanda ya aiko, ranar aikowa, kan magana, da jikin wasiƙar. Imel ɗin da aka yi ta amsawa yana jawo tsofaffin wasiƙu a ƙasansa. Ka yanke su, sai dai in sabuwar wasiƙar ba ta fahimtuwa sai da su. In ka bar su, mataimakin zai tono aikin da aka gama tun watan jiya ya kawo maka shi a matsayin sabo.

Saƙon murya shi ne babban aiki a wurinmu, don yawancin manya ba sa rubutu. WhatsApp ya fito da hanyar mayar da murya rubutu a ƙarshen 2024, amma ba da Hausa ya fito ba. Abin da nake yi shi ne in saurari saƙon har ƙarshe, sannan in taɓa makirufo na Gboard in maimaita gundarin maganar da bakina, in sa sunan mai maganar da ranar a gaba. Ka karanta abin da wayar ta rubuta kafin ka wuce, musamman lambobi da sunayen garuruwa. Kuma ka saurara har ƙarshe da gaske. Sau da yawa sai bayan an gama gaisuwa da tambayar iyali da labarin kasuwa, ana shirin sallama, sannan za a ce "af, na manta", kuma abin da ya biyo baya shi ne dalilin saƙon.

Hoton takarda kuwa, in bugun na'ura ne mataimakan suna karanta shi da kyau, ko ka yi amfani da Google Lens, manhajar da ke karanta rubutun cikin hoto, ka kwafi rubutun. In rubutun hannu ne, ko ajami, ka karanta da idonka ka rubuta.

3. Cire abin da bai kamata ya fita ba

Duk abin da ka liƙa wa mataimakin yana barin wayarka ya tafi kwamfutocin kamfanin da ya yi shi. Don haka kafin ka liƙa, ka zuba saƙonnin a manhajar rubutu ta wayarka ka bi su da ido. Ka goge lambar asusun banki mai lamba 10, da BVN da NIN masu lamba 11, da lambar katin ATM, da kalmar sirri, da lambar tabbatarwa da banki ke turowa. Babu aikin da ke buƙatar mataimakin ya ga waɗannan. Lambar wayar da ta fito a madadin suna, ka maye gurbinta da matsayin mutumin: direba, dillali, mai awo.

Akwai kuma sirrin da ba lamba ba ne. Rashin lafiyar wani, rikicin aure, bashin da mutum ya roƙa a rufa masa asiri a kai, sakamakon jarrabawar ɗalibi da sunansa. Waɗannan amana ce. In kana aiki a makaranta ko asibiti ko wata hukuma, ka sani tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, kuma wurin aikinka na iya samun nasa ƙa'idar da ta hana fitar da takardu zuwa irin waɗannan manhajoji. Ka tambaya tukuna.

Ka kuma shiga saitin manhajar sau ɗaya. A ChatGPT, ƙarƙashin Data controls akwai maɓallin da ke ba su damar koyar da na'urarsu da hirarka, kana iya kashe shi. Sauran ma suna da makamancinsa a sashen sirri. Kashe shi bai ɗauke maka goge lambobin ba.

4. Rubuta umarni sau ɗaya, ka ajiye shi

Wannan shi ne zuciyar aikin. In ka ce wa mataimakin "fitar min da ayyuka daga nan" kawai, zai ba ka jeri mai kyan gani wanda rabinsa zato ne. Umarnin da ke aiki yana gaya masa ko kai wane ne, su wa ke cikin hirar, wace rana ce yau, da abin da zai yi in bai gane ba. Ga irin wanda nake amfani da shi, ka gyara shi ya dace da harkarka:

"Ni akawu ne a wurin ɗan kasuwa mai sayar da albasa da hatsi a Sakkwato. 'Alhaji' shi ne maigidana, umarninsa ne ke gaba. 'Malam' ni ne. Yau Talata, 14 ga Afrilu 2026. A ranakun da ke cikin saƙonnin, rana ce ke zuwa kafin wata.

Ka karanta saƙonnin da ke ƙasa ka raba abin da ke cikinsu gida huɗu. Na ɗaya, ayyukan da ni zan yi. Na biyu, abubuwan da nake jira daga wasu. Na uku, abin da aka ce kada a yi ko a dakata da shi. Na huɗu, abin da ba ka gane ba.

Kowane aiki ya fara da abin da za a aikata, kamar kira, tura, biya, karɓo. Ka sa wanda zai yi, da ranar da ake so, sannan ka kwafo ainihin jimlar da ka samo aikin daga cikinta ba tare da ka canja ko harafi ba.

In an ce gobe, jibi, gata ko citta, ka ƙirga daga ranar da aka turo saƙon, ba daga yau ba. Jibi kwana 2 ne, gata 3, citta 4. Daren kowace rana yana zuwa kafin yininta, wato daren Juma'a shi ne Alhamis da dare. In an ambaci lokacin salla, ka bar shi yadda yake. In ba a faɗi rana ba ka rubuta 'ba a faɗa ba'. Kada ka ƙirƙiri rana, ko adadi, ko suna. Gaisuwa da addu'a ba aiki ba ne."

Kowace jimla a nan akwai abin da take tarewa. Maganar rana kafin wata ta shigo ne don a Amurka wata suke fara rubutawa, sai 05/04 ta tashi daga 5 ga Afrilu ta koma 4 ga Mayu. Gida na uku, na abin da aka hana, shi ne wanda mutane ba sa tunawa da shi, alhali kuskurensa ya fi tsada, don kuɗin da ya fita ba ya dawowa da sauƙi. Kwafo ainihin jimla kuwa shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a umarnin, da shi za ka kama mataimakin in ya ƙara gishiri.

Ka ajiye umarnin a manhajar rubutu, kullum ranar kawai za ka canja. ChatGPT da Claude suna da wurin da suke kira Projects, Gemini kuma Gems, inda ake ajiye umarni ya zauna dindindin. In asusunka na da shi ka yi amfani da shi, amma ranar yau dai ka riƙa rubuta ta da hannunka kowane zama.

Mataimakan nan suna jin Hausa gwargwado, sai dai Turancinsu ya fi ƙarfi. In ka ga naka yana tuntuɓe da umarnin, ka rubuta masa dokokin da Turanci ka ce ya ba ka amsa da Hausa. Saƙonnin kuwa ka bar su yadda aka turo su.

5. Liƙa saƙonnin, kaɗan kaɗan

Ka buɗe sabuwar hira kowane zama. Ka liƙa umarnin, ka ja layi, ka liƙa saƙonnin a ƙasa. Kada ka wuce saƙo 20 zuwa 30 a tashi ɗaya. In sun yi yawa yakan tsallake na tsakiya, kai ma kuma ba za ka iya bin diddigi ba.

Ga misali na irin abin da ke shigowa:

[13/04, 07:42] Alhaji: Malam ina kwana, ya zahi? Buhunan albasa 40 na Wurno da munka yi magana, a gaya ma direba shi taho jibi da sahe shi ɗauka. Kuɗin lodi ka riƙe sai na dawo.

[13/04, 11:05] Direba: Ranka ya daɗe mota na wurin bakanike, in an gama zan kira.

[13/04, 16:30] Hajiya mai shago: Sauran kuɗinku in sha Allah daren Juma'a zan turo.

Sai kuma imel daga wani mai saye a Legas, da Turanci, yana neman a aiko masa takardar farashi kafin 17/04.

Amsa mai kyau za ta fito kamar haka. A gidan ayyukanka: gaya wa direba ya ɗauki buhu 40 a Wurno ranar Laraba 15 ga wata da safe, tura takardar farashi Legas kafin Juma'a 17 ga wata. A gidan jira: kiran direba kan gyaran mota, ba a faɗi rana ba; kuɗin Hajiya, Alhamis 16 ga wata da dare. A gidan hani: kada a biya kuɗin lodi sai Alhaji ya dawo. A gidan abin da bai gane ba: yaushe Alhaji zai dawo, kuma nawa ne sauran kuɗin Hajiya.

6. Tantance kowane layi da idonka

Kada ka tsallake wannan mataki ko da kana sauri. Minti uku zuwa biyar yake ci. Ka ajiye amsar a gefe, saƙonnin asali a gefe, ka duba abubuwa huɗu.

Ranaku. A misalin nan, da an ƙirga jibi daga ranar Talata da ake aikin, da an ce Alhamis, direba ya makara da kwana guda, albasa na zaune a zafin Afrilu. Ko da ka sa dokar a umarni, ka ƙirga da yatsunka.

Lambobi. Buhu 40 ne ko 14? Dubu ɗari biyu da hamsin, 250,000 ce ko 200,050? A bakin 'yan kasuwa an san abin da ake nufi, na'ura kuwa tana iya ɗaukar kowanne. Duk adadin kuɗi ka koma ga saƙon asali, in saƙon murya ne ka sake saurara.

Hani da sharaɗi. "Ka riƙe sai na dawo" yana iya rikiɗewa ya zama "biya kuɗin lodi" in mataimakin ya ga kalmar kuɗi ya yi gaba. Haka "in ya kawo rasit ka ba shi" yakan koma "ba shi" kawai, sharaɗin ya faɗi a hanya. Ka nemi duk inda aka ce kada, sai, in, ko tukuna.

Jimlar da ya kwafo. Ka tabbata tana cikin saƙon da gaske. In ba ka same ta ba, ka goge aikin, ƙirƙira ce.

Bayan waɗannan akwai abin da kai kaɗai za ka iya gani. Mataimakin ya jera "gaya wa direba ya taho Laraba" a gida ɗaya, "mota na wurin bakanike" a wani gida, kuma mai yiwuwa bai haɗa su ba. Kai ka san in motar ba ta fito ba zuwa yammacin Talata, dole a nemi wata ko a sanar da Alhaji. Wannan aikin babu wanda ya rubuta shi a saƙo, kuma shi ne mafi gaggawa a ranar. Ka ƙara shi da hannunka. Haka nan kai ka san wanda in ya ce "in sha Allah" ya gama magana, da wanda sai an bi shi da kira, ka san kuma "ba damuwa, za mu duba" daga bakin wani babba wani lokaci a'a ce cikin mutunci.

Sakkwatanci ma yana buƙatar lura. Yawancin Hausar da ke rubuce a intanet ta daidaitacciyar Hausa ce, don haka munka, sunka, shina, wanga, tahi da makamantansu wani lokaci suna rikita shi, musamman wajen gane wa ya yi me. In ka ga ya juya ma'ana, ka ƙara layi a umarninka: "Saƙonnin da karin harshen Sakkwato suke, munka daidai yake da muka, shi taho daidai yake da ya zo." Kalma biyar ko shida da mutanenka suka fi amfani da su sun isa.

7. Kwashe ayyukan zuwa mazauninsu

Kada ka bar jerin a cikin hirar mataimakin. Gobe za ka buɗe wata hira, wannan ta nutse, ka koma inda ka fito. Ayyukan da ka tantance su koma wuri ɗaya tak.

A Google Tasks ka buɗe jeri biyu, "Nawa" da "Ina jira". Kowane aiki ka sa masa rana, in da hali har da lokaci, zai fito a Google Calendar kuma wayar za ta tuna maka. A nan ne za ka mayar da "bayan la'asar" ya zama ƙarfe 4:30, "da safe" ya zama ƙarfe 7, gwargwadon yadda ka san mutumin. Aikin da ya fito daga imel, gara ka buɗe imel ɗin a Gmail ka taɓa ɗigo uku ka zaɓi Add to Tasks, sannan ka gyara sunan aikin. Ta haka aikin na ɗauke da hanyar komawa ga wasiƙar. A Outlook, imel ɗin da ka sa wa tuta yana bayyana da kansa a To Do.

Abin hani ka rubuta shi da kalmar KADA a gaba da manyan baƙaƙe, ka sa shi a saman jeri.

Mai littafi ya raba shafi biyu, dama nasa, hagu na jira, rana a gefen kowane layi. Bayan ka kwashe, ka cire taurarin da ka sa wa saƙonnin, don zama na gaba ka san inda ka tsaya.

8. Bibiya

Jerin "Ina jira" shi ne ke dawo da kuɗi da kaya, kuma shi aka fi mantawa. Kowane abu a cikinsa ka sa masa ranar da za ka taɓa mutumin in ba ka ji daga gare shi ba. Kuɗin Hajiya na daren Juma'a, ranar tuntuɓa Asabar da safe, a ba ta yinin Juma'a.

Gida na huɗu, na abin da ba a gane ba, tambayoyi ne da za ka mayar wa masu su a ranar. Mataimakin na iya tsara maka saƙon, kuma yana da amfani sosai wajen amsa imel na Turanci. Na Hausa kuwa ka gyara shi kafin ka tura. Yakan rubuta wa dattijo kamar yana magana da sa'ansa, ba sallama, ba "ranka ya daɗe", ya tafi kai tsaye ga maganar kuɗi. Saƙon da za a tura wa Alhaji ko Hajiya ya fara da gaisuwa yadda aka saba, tambayar ta zo daga baya.

In wani abu ya rasa

In babu sabis ko data ta ƙare, yawancin aikin matakai na 1 zuwa 3 ba ya buƙatar intanet ga saƙonnin da suka riga suka sauka. Ka tara su a manhajar rubutu, in sabis ya dawo ka liƙa. In abin ya daɗe, ka yi rabon gida huɗun da kanka a littafi, tambayoyin dai su ne: me za a yi, wa zai yi, yaushe, me aka hana. In tsarin kyauta ya ce ka kai iyaka, umarnin nan yana aiki a kowane mataimaki, sai ka koma wani. In saƙonnin ranar ba su wuce biyar ba, kada ka wahalar da kanka, karanta ka rubuta ya fi sauri.

Maganar jona mataimakin da akwatin imel kai tsaye

Bayan ka saba, za ka ga Gemini da ChatGPT da Claude suna da hanyar da za a jona su da Gmail su karanta wasiƙu da kansu, wasu a tsarin biya. Yana rage kwafe-kwafe, amma ina ba mai farawa shawara ya yi aƙalla wata guda da hannu tukuna, har ya san irin kurakuran da nasa mataimakin ke yi. Jonawa na nufin mataki na 3 ya faɗi, don zai ga komai har da saƙonnin banki. Kuma akwai wata dabara ta 'yan damfara: su ɓoye umarni a cikin imel, wani lokaci da rubutun da ido ba ya gani, mataimakin ya karanta ya ɗauka kai ne ka umarce shi. In za ka jona, ka ba shi izinin karatu kawai in akwai zaɓin, kada ka yarda ya aika wasiƙa ko ya goge wani abu ba tare da ka gani ka amince ba. Duk aikin da ya fito yana cewa a canja asusun da ake biyan wani, ko a tura kuɗi da gaggawa, ka kira mutumin a lambar da ka sani tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba.

WhatsApp kuwa ka bar shi a kan kwafa da hannu. Manhajar da ta ce ka ɗauki hoton lambar QR don ta riƙa karanta maka saƙonni, jona kanta take yi a matsayin wata na'urarka, ta ga hirarka da iyalinka da ta kasuwa duka. Ka shiga Linked devices lokaci lokaci ka duba, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Kwaikwayon WhatsApp irin su GB WhatsApp ma suna iya jawo a rufe maka lamba, kuma lambar da abokan ciniki suka sani da ita ba abin wasa ba ce.